Gwaggo, Wadda Ta Ɗaure Mini Hannun Hagu

Na Allah ne mu, kuma gare shi ake komawa, wani yau wani gobe. Yau kwana goma sha biyu ke nan da Gwaggo ta riga mu. Yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a ɗakinta na Ruwan Bago na tashi tun ina shekara bakwai. Ta cika ranar Talata bayan azahar, aka kai ta kafin magariba, kamar yadda ta sha roƙa, don ta ce ba ta son gawarta ta kwana tana wahalar da mutane.

Kwana uku na yi a tsakar gida ina amsa "ya haƙuri". Abin da na lura da shi, babu wadda ta ce Gwaggo mai sanyin hali ce. Ko a makoki, inda akan ƙara wa mamaci alherin da bai yi ba, bakin mutane bai iya wannan ba. Tsohuwar da suka shekara talatin suna raba katanga ta share ido ta ce, "Allah ya jiƙanta. Ta iya faɗa, amma ba ta iya ƙarya ba." Mata suka ce amin, wasu suna ɓoye murmushi a gefen mayafi.

Rana ta biyu wata mata ta zo daga wajen Zoza, a ƙafa, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shigowa kan tabarma. Na je na same ta. Ta ce shekara shida da suka wuce Gwaggo ta raka ta asibiti da 'yarta, yarinyar ta rasu a can. Da suka dawo ta tsaya a wannan ƙofar ta ce wa Gwaggo ita ta kai mata 'ya inda aka kashe ta.

"Me ta ce miki?" na tambaye ta.

"Ba ta rama ba. Ruwa ta kawo mini, ta ce in sha, na sha hanya. Na ture kwanon na tafi." Ta dubi ƙasa. "Kullum ina cewa zan dawo."

Na ce mata Gwaggo ba ta taɓa ba ni labarin nan ba, kuma abin da bai tsaya mata a rai ba ne kawai ba ta maimaitawa. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa, amma matar ta shigo ta zauna.

Baba kuwa yana zaure tare da maza, yana amsa gaisuwa kamar wanda ake karanta masa abin da zai ce. Da yamma ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya daɗe yana kallon kaskon suyarta a kife. Sai ya ce, ba da ni yake ba, "Babu sauran mai kirana Auta." Gemunsa fari ne fat, yana da jika, amma har ta mutu haka take kiransa.

Gwaggo ba ta bar ɗa na cikinta ba, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Nan da shekara biyu za a zuba dawa a ɗakin nan, yaran da za a haifa ba za su san wa ta kwana a ciki ba. Shi ya sa na ɗauko takarda. Da hagu nake rubutun, kuma dalilin hakan shi ne farkon labarinta a wurina.

A farkon shekarun tamanin muna wani ƙauye kusa da Zoza. Ni yarinya ce mai yawan ciwo: yau ƙafa, gobe baya, jibi idanu sun yi rawaya. Amosani ake cewa, a gasa mini jiki, a ba ni jiƙo, in tashi. Wata safiya a lokacin cirar gyaɗa ina shan koko a bakin murhu sai ludayi ya faɗi daga hannuna. Na kai hannu in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Na so in ce "Inna", sai wani sauti ya fito wanda ba nawa ba. Inna ta waiwayo ta ce in daina wasa da abinci. Da ta ga kokon yana zuba ta gefen bakina, ta ga bakin ya karkace, sai ta saki muciya.

Kafin hantsi gidan ya cika. Wannan ta ce gamo na yi a gindin tsamiya, waccan ta ce an ga na zubar da ruwan zafi ban yi bismilla ba. Aka rufe ni da zane aka yi mini turare har na kusa shiɗewa. Malamin unguwarmu, Allah ya jiƙansa, ya aiko da rubutu. Ina jin duk abin da ake cewa, bakin ne kawai ya ƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ake maganata a kaina kamar ba na wurin.

Washegari Gwaggo ta iso daga Ruwan Bago, ƙafafunta duk ƙasa. Ba ta gama amsa gaisuwa ba ta yaye zanen. Ta ɗaga hannuna na dama ta saki, ya faɗi. Ta ɗaga ƙafar, ita ma haka. Sannan ta dube ni cikin ido, abin da babu wanda ya yi tun jiya, ta ce, "Uwata, kina jina?" Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ita da Baba ba sa kama sunana. Na ƙifta ido.

"Tana ji," in ji Gwaggo. "Auta, nemo mota."

Baba ya ce, "Yaya, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Malam ya ce a ba ta rubutu kwana bakwai."

"Za ta sha. A zuba mini shi a gora, a can ma akwai baki."

"Mahaifiyarmu da muka kai can, gawarta muka dawo da ita."

"Na sani, ni na wanke ta. Za ka nemo motar ko in goya ta?"

Bai nemo ba. Gwaggo ta sa aka ɗora mata ni a baya, ni da nake shekara bakwai ƙafafuna suna dukan cinyoyinta, ta ɗaure ni da zane biyu ta kama hanya. Ban san nisan da ta yi ba kafin wata akori-kura mai ɗauke da buhunan gyaɗa ta tsaya mana. Abin da na tuna shi ne ƙamshin man gyaɗa a wuyanta, da yadda take cewa kowane ɗan lokaci, "Muna nan, Uwata." A Karaye malamin asibiti ya duba ni ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya rubuta takarda zuwa Kano. Gwaggo ba ta taɓa zuwa Kano ba. Ta ƙulle takardar a bakin zane ta tambayi inda ake shiga mota.

A babban asibiti aka ce sai an ƙara mini jini. Gwaggo ta miƙa hannu, aka gwada aka ce nata bai yi daidai da nawa ba. Wani bawan Allah da ke jinyar matarsa a ɗakin kusa ya ji tana faɗa da ma'aikata a kan su sake gwadawa, ya zo ya ba da nasa. Ba mu san ko daga wane gari yake ba. Har ta bar duniya, duk sallar asuba sai ta sa shi a addu'a, tana ce masa "mai jinin nan".

Kwana na huɗu likita ya tsaya a gadona, wata nas dattijuwa tana fassara masa. Gwaggo ta ce, "Ki tambaye shi, shanyewar ɓarin jiki ba ciwon tsofaffi ba ne?"

Nas ta ce yana kama yara ma, musamman masu irin jinina. Ta ce sunan ciwon sikila. Ƙwayoyin jinin kowa zagayayyu ne, suna bin jijiya sumul, amma nawa wasu sukan lanƙwashe kamar lauje su sarƙe su toshe hanya. In suka toshe a ƙafa, ƙafa ta yi ciwo. Wannan karon a cikin kai suka toshe, a wurin da ke juya hannu da ƙafa da harshe.

"Daga ina ta samo shi?"

"Daga uwa da uba. Kowannensu yana ɗauke da rabi, lafiyarsa ƙalau, bai ma sani ba. In rabi ya haɗu da rabi a jikin ɗa, shi ne wannan."

Gwaggo ta ce, "In mace ta auri ɗan baffanta fa?"

"In abin yana cikin dangi, ya fi saurin haɗuwa."

"Ba daga nono ba ne?"

"Babu ruwan nono."

"Ki sake tambayarsa."

Nas ta sake tambaya, likita ya girgiza kai. Gwaggo ta zauna a ƙasa a gefen gadona, a kan siminti, ta miƙe ƙafafu. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce, "Ashe da sun bar mini shi na shayar da abina."

Sai da na girma na gane maganar. Gwaggo ta haifi 'ya'ya huɗu da mijinta, ɗan baffanta, babu wanda ya kai shekara shida. Hannuwa su kumbura, idanu su yi rawaya, a kwana ana kuka. Ta ukun, mace, ta wayi gari ɓarinta ya mutu baki a karkace, kwana biyu ta cika. Shi ya sa da ta yaye zanen nan ba ta tsaya tambaya ba. Gari ya sa mata suna mai wabi, aka ce nononta ne ba shi da kyau. Da ta haifi na huɗun, dangin miji suka karɓe shi ranar suna suka ba wata ta shayar. Tana jin kukansa ta katanga, rigarta tana jiƙewa. Shi ma bai cika shekara uku ba. Shekara ashirin da wani abu tana ɗauke da cewa ita ta kashe su, sai ga wata nas ta sauke mata a magana uku.

Da aka sallame mu ba ta kai ni gidanmu ba. Ta aika wa Baba cewa ina Ruwan Bago, mai son ganina ya san hanya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ce a sashenta tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

A asibiti an nuna mata yadda za ta riƙa motsa mini gaɓoɓi, aka ce hannun da ba a sa shi aiki ba zai ƙage. Gwaggo ta ɗauki maganar nan fiye da yadda mai faɗarta ya yi nufi. Kullum da safe ta ɗumama mai ta murza mini daga kafaɗa zuwa yatsu, ta lanƙwasa ta miƙe har sai na yi hawaye. Ta kafa sanduna daga ƙofar ɗaki zuwa madafa, ta ɗaura gora a kansu, nan zan bi ina jan ƙafa in ina son abinci. Sannan ta ɗauko ɗankwali ta ɗaure mini hannun hagu, mai lafiyar, a ƙugu. Ta ajiye mini ƙwarya da gyaɗa goma a gaba.

"Ɓare su."

Ranar farko ko ɗaya ban iya ɗauka ba. Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce, "Haba, ki ji tausayin yarinyar nan mana."

"An ji tausayinta kwana guda a gidan ubanta, kin ga ya ɗaga mata hannu?"

Na tsane ta a watannin nan, kuma ba zan ɓoye ba don ta mutu. Nakan kalle ta tana tuƙa tunkuza a turmi, zufa tana bin goshinta, in riƙa roƙon Allah a zuciya ya sa turmin ya faɗo mata a ƙafa. Ba ta taɓa ce mini "sannu" in na faɗi ba. "Tashi" take cewa, ta juya baya. Daga baya maƙwabciyar ta gaya mini cewa in ta juya bayan nan, bayan ɗaki take zagawa ta daɗe ba ta fito ba.

Magana ma haka. Duk abin da ta ɗauka sai ta nuna mini ta faɗi sunansa, ta jira. Kasko. Tsintsiya. Tulu. Ni kuwa sai miyau. Wata rana ta nufo ni da ɗankwalin kamar kullum, sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki, na ce, "A'a." Ta tsaya cak. Ta ce, "Me kika ce?" Na ce, "A'a." Gwaggo ta yi dariya har ta dafa bango, ta kira maƙwabta su zo su ji. Ta soya mini ƙwai biyu. Da na cinye ta ɗaure hannun.

Ƙafar ta dawo, sai ɗan ja da nake yi har yau. Harshe ya dawo, ko da yake in na gaji yakan yi nauyi. Hannun bai dawo duka ba. Yana riƙe lomar tuwo, yana riƙe carbi, yana gaisawa, amma yatsun ba sa juya ƙaramin abu. Bayan shekara guda ita da kanta ta ninke ɗankwalin ta ce, "Abin da zai bayar ya bayar. Kin dai ci abinci da dama."

Ita ta sa ni firamare, bayan Baba ya ce yara za su yi mini dariya. Sun yi kuwa. Amma abin da ya kai ta makarantar wani malami ne da ya riƙa bugun yatsuna da rula saboda ina rubutu da hagu. Ta gan su a kumbure, ta yafa mayafi ta ja ni. Ta yi sallama a ƙofar aji, ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi iyali da aiki da gajiya. Sannan ta ɗaga hannuna na dama a gaban yara ta ce, "Malam, wannan Allah ya karɓa, ya bar mata wancan. Kai kuma wancan ɗin kake so ka karɓa?" Bai ƙara taɓa ni ba. Daga baya ma shi ya riƙa ajiye mini alli.

Tana da dokoki da ba a ɗaga su. Ba wankan ruwan sama. Ba fita da sassafe babu riga biyu. Ruwa kuwa, ko ina jin ƙishi ko ba na ji, in ta miƙo moɗa sai na shanye tana tsaye. Duk bayan 'yan watanni mu hau mota zuwa Kano a duba ni a ba ni ƙwayoyi. Matar da ba ta san harafi ko ɗaya ba ta haddace ƙofofin asibitin nan kamar ɗakunan gidanta, ta san wace nas ce mai haƙuri, wace ce sai an yi mata shiru. Rubutu ma ba ta daina karɓo mini ba. Takan ce mai magani ɗaya ne, ita dai ba ta san ta wace hanya zai aiko ba.

Ina shekara goma sha biyu ƙanwata ta kamu. Shekararta biyar, ita ma mai irin jinina ce, yarinya mai surutu wadda take bin kaji tana yi musu faɗa. Wata ranar damina hannunta ya saki na ɗan lokaci, kafin a gama tuwo ya dawo. Inna ta ga ya dawo ta yi hamdala, ba ta gaya wa kowa ba. Bayan kwana huɗu abin ya dawo gaba ɗaya, har da fizge-fizge. Aka aiko wa Gwaggo, amma an kwana biyu ana ruwa, rafi ya cika, babu motar da ke shigowa. Sai rana ta uku aka samu aka haye da ita. Ta cika a cinyar Gwaggo a bayan mota, ana hango rufin kwanon Karaye. Gwaggo ba ta gaya wa direba ba sai da ya tsaya, don kada fasinjoji su ce a sauke su a daji.

Ita ta yi mata wanka. Da ta fito ta ce, "Biyar ke nan." Sannan ta ji labarin hannun da ya saki ya dawo, ta juya wajen Inna a gaban mata ta ce, "Da kin faɗa." Kalma uku. Inna ba ta amsa ba, amma na ga yadda suka shige ta, kuma shekara goma ba su fita ba. Gwaggo ta san zafin a ce wa uwa ita ce sila fiye da kowa a garin nan, duk da haka ta faɗa. Wannan ma halinta ne, ba zan cire shi ba.

Kwana arba'in ba ta ɗora kasko ba. Da ta koma aiki sai ta zama wata iri. Duk jaririn da aka kawo kusa da ita, kafin ta yi masa wasa sai ta buɗe yatsunsa ta latsa bayan hannu, ta ja fatar ido ta duba. Mata suka fara kawo mata yara daga Rogo Sabon Gari da ƙauyukan kewaye. In an ce mata mai magani sai ta ɓata rai ta ce, "Ni mai ƙuli ce. Hanya kawai na sani." Ta ce wa yaro ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi sunan uwarsa. In ta ga abin da ba ta so, ta rufe kasko ta ce wa uwar, "Ɗauko mayafinki." Takan ce musu ko hannun ya saki ya dawo, kada a jira ya sake. Wasu yaran sun dawo da ƙafarsu, wasu an dawo da su. Ba ta taɓa ƙin raka ta gaba ba.

Babban faɗanta da Baba a kan auren yayana ne. Shi da 'yar Kawu, ƙanen Inna, suna son juna tun suna yara, kowa yana murna. Ranar da aka taru za a sa rana, Gwaggo ta ce a fara kai su asibiti a gwada jininsu.

Kawu ya ce, "Wato 'yata ce mai cuta?"

"Ban ce ba. Ni ma ba mai cuta ba ce, na binne huɗu."

Baba ya ce, "Yaya, rai da ajali na Allah ne. Ba a shiga gabansa da kwalba da allura."

"Auta, in ka ga rijiya a gonarka, rufe ta kake yi ko cewa kake ajali na Allah ne? Ka dubi Uwata. Ka tuna wadda ka haƙa wa rami."

Baba ya miƙe tsaye. Ya ce tun da ta je Kano ta dawo take ganin ta fi kowa sani, ta raba shi da 'yarsa, yanzu kuma za ta raba zumunci. Ta ce masa tsoro ne ya hana shi taka asibiti, yake kiransa tawakkali. An faɗi abubuwan da ba a mayar da su ciki. Aka yi auren. Gwaggo ta aika da tulun mai da ƙwaryar ƙuli, ita ba ta je ba. Kusan shekara biyu, in Baba ya zo Ruwan Bago ganina, a zaure yake tsayawa. Ta aiko masa da ruwa da fura ta hannuna, ya sha ya ce in ce ya gode, ta ce in ce ya gai da gida. Taku ashirin ne tsakaninsu.

Ciwonta bai daɗe ba. Zazzaɓi da tari a ƙarshen damina, kwana tara. Na ce mu tafi Kano, ta ce, "Na kai masu sauran kwana. Ni nawa na cinye." Na tuna mata abin da ta ce wa Baba a kan tawakkali, ta ce in daina yi mata rashin kunya in ba ta ruwa.

Rana ta bakwai Inna ta zo. Gwaggo ta ce kowa ya fita sai ni, don in ɗaga ta. Ta kama hannun Inna ta ce, "Maganar da na gaya miki ranar yarinyar nan. An taɓa gaya mini irinta, na san nauyinta, na ɗauka na ɗora miki. Ba ke ba ce. Ba ki sani ba, babu wanda ya gaya miki. Ki yafe mini." Inna ta kifa kai a kan gadon ta yi kukan da ba ta yi ba shekara goma da suka wuce.

Baba ya shigo washegari, karo na farko tun faɗan. Ya tsuguna ya ce, "Yaya, ya jiki?" Ta ce, "Auta, ka rame." Iyakar sulhun ke nan, kuma ya ishe su. Matar yayana ta miƙa mata jaririnsu, ɗan wata bakwai. Gwaggo ta yi masa addu'a, ta riƙe hannunsa ta daɗe tana shafawa da babban yatsa, ta mayar wa uwarsa. Sai da suka fita ta yi mini magana a kunne.

Bayan sadakar bakwai, da safe, Baba ya kira ni zaure. Yana kan buzu, carbi a hannu amma ba ya ja.

"Uwata, yaron nan na yayanki. Jiya na ɗauke shi, na ga bayan hannunsa ya tasa. Da na taɓa ya yi kuka."

"Na gani, Baba."

"Ita ma ta gani?"

"Ta gani."

"Me ta ce?"

"Ta ce kada in faɗa sai ka gani da idonka. Ta ce in daga bakinta ya fito, ba za ka je ba."

Ya ajiye carbin ya ce, "Ta wace ƙofa ake shiga, a can ɗin?"

"Na san ta."

"To. Ki gaya wa yayanki da matarsa su shirya."

Shekaranjiya muka je, mu huɗu da jaririn. Baba ya bi ni a baya ƙofa bayan ƙofa, yana riƙe da bakin babbar rigarsa, bai ɗaga kai ba. Da aka zo ɗibar jini uwar ta kasa kallo, shi ya karɓi yaron ya riƙe masa ƙafa. An ce mu koma mako mai zuwa mu ji. Muna shirin fita sai ya tsaya, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya ce wa nas ɗin, "'Yata, in babu damuwa, ni ma a ɗibi nawa."

Ya Allah, ga Gwaggo nan ta zo maka. Ka yafe mata zafin bakinta, ka yalwata mata inda ta kwanta, ka sa ta huta. Mu da muka rage, ka ba mu ƙarfin jin abin da za a gaya mana mako mai zuwa.